Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ma'aikatu da Kamfanoni Masu Karɓar Ɗalibai Koyon Aiki

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu da muka rubuto wannan takarda malamai ne masu tura ɗalibai koyon aiki daga manyan makarantu, tare da wasu ma'aikata da akan ɗora wa nauyin kula da su idan sun iso. Muna godiya da buɗe ƙofar da kuke yi, domin mun san ɗan koyo ɗawainiya ne kafin ya zama riba. Sai dai buɗe ƙofa daban, koyarwa daban. A tsakanin waɗannan biyu ne ɗalibai da yawa ke ƙarar da wata uku ko shida suna ɗumama kujera, su koma makaranta da littafi cike da sa hannu da hatimi, hannunsu kuwa bai taɓa komai ba. Roƙonmu guda ne: kada ku karɓi ɗalibi ko ɗaliba sai kun san sunan wanda zai riƙe shi da aikin da zai yi, kuma kun rubuta su a takarda tun kafin ya baro gida.

Tsarin nan ba jiya aka ƙirƙiro shi ba. A 1906 Herman Schneider ya fara shi da ɗaliban injiniya a Jami'ar Cincinnati ta Amurka, suna karɓa-karɓa tsakanin aji da masana'anta. Jami'ar Waterloo ta Kanada a kansa ta tashi tun 1957, zango a aji, zango a wurin aiki. A Najeriya hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta soma SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki, a 1973. Ko'ina ka duba manufar ɗaya ce, ɗalibi ya kama aiki da hannunsa a gaban wanda ya iya. Babu inda aka kafa shi don ofis ya samu ɗan aike kyauta.

Mu fara da takarda, tunda daga nan ɓarakar ke somawa. Abin da aka saba gani shi ne wasiƙa mai layi uku: an karɓi wane, zai fara ran kaza, zai gama ran kaza. Wannan izinin shiga ƙofa ne kawai. A Faransa ba a fara koyon aiki sai makaranta da ma'aikata da ɗalibin sun sa hannu a yarjejeniya guda, kuma dokar watan Yulin 2014 ta ƙara ɗaure abin. Yadda ƙa'idar take a can, ba a wuce wata shida a wuri ɗaya cikin shekarar karatu, idan zaman ya haura wata biyu dole a biya alawus, ma'aikaci ɗaya ba ya riƙe sama da ɗalibai uku a lokaci guda, kuma an hana sa ɗan koyo ya cike gurbin ma'aikacin da ba ya nan ko wanda aka sallama. A Jamus, tun da aka kafa mafi ƙarancin albashi a 2015, koyon aikin ganin dama da ya wuce wata uku yana shiga ƙarƙashinsa. A Amurka kuwa, tun Janairun 2018 ma'aikatar ƙwadago ke auna koyon aikin da ba a biya a kamfanoni masu neman riba da tambaya ɗaya: wa ya fi cin moriyar zaman, ɗalibin ko kamfanin? In kamfanin ne, to wannan ma'aikaci ne, a biya shi.

Ba muna cewa ku kwafo dokar wata ƙasa ba ne. Ku bi ta ƙasarku. Amma ko inda doka ta yi shiru, shafi ɗaya ya isa a rubuta ranar farawa da ta gamawa, ƙarfe nawa ake shiga da tashi, kwana nawa a mako, sunan mai kula da ɗalibin da sunan wanda zai tsaya masa in ba ya nan, aikin da za a ba shi, ko akwai alawus da ran nawa ga wata ake biya, yadda ake neman izinin fashi, da yadda za a rabu in zaman bai yiwu ba. Sai layin da aka fi tsallakewa: wa zai biya asibiti in ɗalibi ya ji rauni? Makaranta tana zaton inshorar kamfani ta haɗa da shi, kamfani yana zaton ta makaranta ta haɗa, alhali sau da yawa inshorar ma'aikata wanda ke kan jerin albashi kaɗai take kallo. Ba a gano wannan rami sai ranar da yatsa ya shiga injin. Ku tambayi kamfanin inshorarku a rubuce kafin ɗalibin farko ya taka ƙofarku, ku aiko mana da kwafin amsar.

Wannan takardar yarjejeniya ta isa hannun ɗalibi aƙalla mako huɗu kafin ranar farawa. A wurinku sabon baƙo ne zai zo ran Litinin. A wurinsa ƙaura ce, kuma ga mafi yawansu ita ce ta farko da babu ɗakin kwanan makaranta da ke jiransu. Dole ya nemi masauki a garin da bai sani ba, masu gidaje kuwa ba sa son hayar wata uku, in ma sun yarda sai da kafin alƙalami mai nauyi. Tikitin da aka yanka a ƙurarren lokaci ya fi tsada. Iyaye suna son sanin ina zai kwana, da wa zai zauna, wa za a kira in wayarsa ta ƙi shiga, kuma suna da gaskiya. In kun jinkirta amsa har sai saura kwana uku, wanda gidansu ke da hali ne kaɗai zai iya zuwa, ko wanda ya dace yana da ɗan'uwa a garin. Ba ku yi niyyar tace ɗalibai da aljihun iyayensu ba, amma jinkirin ya tace muku su. Ba sai kun ba da masauki ba. Ku rubuta sunayen unguwanni biyu ko uku da ke kusa da wurin aiki, da motar da ake hawa, ku haɗa shi da ɗalibin bara in ya yarda. Wannan aikin minti goma ne.

In daga wata ƙasa zai zo, mako huɗun nan ya koma wata uku. Shirye-shirye irin su Erasmus+ na Tarayyar Turai da ƙungiyar IAESTE, wadda ke musayar ɗaliban kimiyya da fasaha tun 1948, suna da takardunsu, amma ku ne za ku rubuta wasiƙar gayyata. Sunan da ke cikinta ya zo daidai da na fasfo harafi da harafi, ranakun su zo daidai da na yarjejeniya, domin saɓanin harafi ɗaya kan mayar da takardar neman biza baya. Kada kuma wani a ofis ya ce masa ya shigo da bizar yawon buɗe ido a gyara daga baya. A ƙasashe da yawa wannan biza ba ta ba da izinin aiki ko da ba a biya, kuma sunan ɗalibin ne zai ɓaci a wurin jami'an shige da fice, ba naku ba.

Ku kuma tambaye shi inda ya sauka. Wanda ke cin awa ɗaya da rabi a hanya da safe, ya ci wata awa ɗaya da rabi da yamma, yininsa awa 11 ne, ba 8 ba. Shi ne za ku ga yana gyangyaɗi a mako na uku ku ce malalaci ne. Sau da yawa matsar masa da lokacin shiga da rabin awa, ya kauce wa cunkoso, ya ishe shi.

Ranar farko kuwa, baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Abin da ke faruwa a wurare da dama shi ne ya iso da sassafe cikin tufafinsa mafi kyau, mai gadi bai san da zuwansa ba, wanda ya sa hannu a wasiƙa yana taro, a ajiye shi a benci har azahar. Daga nan ya gane matsayinsa, kuma da wuya ya sake sakin jiki. Maganin abin mai sauƙi ne. A ba mai gadi sunansa tun jajibiri. Katin shaida, teburi ko wurin ajiye jaka, da asusun kwamfuta mai sunansa su kasance a shirye, domin sashen kwamfuta kan ɗauki kwanaki kafin ya buɗe sabon asusu, a wata uku kuwa mako ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Kada a ba shi kalmar sirrin wani ya riƙa shiga da ita kafin tasa ta fito. Ranar da aka goge wani fayil ba za a san wa ya goge ba, kuma kowa ya san a kan wa laifin zai sauka.

Kafin ya taɓa komai a zagaya da shi: ƙofar fita in gobara ta tashi, inda ake taruwa a waje, akwatin agajin gaggawa da wanda ke riƙe da shi, wuraren da ba a shiga sai da rakiya. Hukumar kula da lafiya da kariya a wuraren aiki ta Birtaniya tana gargaɗin cewa yiwuwar ma'aikaci ya yi haɗari a wata shidansa na farko a wuri daidai take da ta duk sauran shekarun aikinsa. Koyon aiki kuwa gaba ɗayansa cikin wannan wata shida yake. A masana'anta ko wurin gini ku ba shi kayan kariya daidai jikinsa. Takalmin kariya da ya yi masa yawa tuntuɓe yake sa wa, safar hannu mai faɗi ita injin mai juyawa ke kamawa, tabarau mai zamewa cire shi ake yi a sa a aljihu. Ɗalibai mata ne suka fi shan wannan, don yawanci girman maza kaɗai ke cikin sito. Inda ƙara ke kai desibel 85 tsawon yinin aiki a ba shi abin toshe kunne, a nuna masa yadda ake sa shi. A nuna masa maɓallin tsayar da injin kafin na kunnawa. A koya masa cewa ba a sa hannu a cikin injin da ake gyara sai an kashe wuta daga babban makunni, an kulle da kwaɗo, an rataya alama. Kada a bar shi shi kaɗai da injin, ko sinadari, ko tsani mai tsawo, komai ya ce ya iya. Ɗan koyo yakan ce ya iya don kada a raina shi.

Yanzu mu zo kan mai kula, wanda shi ne ƙashin bayan wannan wasiƙa. "Sashen zai kula da shi" magana ce da ke nufin babu mai kula da shi. A kira sunan mutum ɗaya, a tambaye shi ko ya yarda, a rage masa wani abu daga aikinsa na waɗannan watanni. Ba lallai ya zama babba ba. A ganinmu shugaban sashe shi ne mafi munin zaɓi, don yininsa na taro ne, kuma ɗalibi yana jin nauyin ƙwanƙwasa masa ƙofa. Wanda ya yi shekara uku zuwa biyar a bakin aiki ya fi dacewa: ya iya aikin, kuma bai manta abin da ya rikita shi a farko ba. Ku duba jadawalin hutunsa kafin ku ba shi ɗalibi. Sau da yawa lokacin da makarantu ke sakin ɗalibai shi ne lokacin da ma'aikata ke tafiya hutun shekara, sai ɗalibi ya wayi gari a mako na biyu ba shi da kowa.

Abin da muke nema daga mai kula bai taka kara ya karya ba. Ku yi lissafin da kanku. Mako 12, kwana biyar a mako, awa takwas a yini, awa 480 ke nan. Zaman rabin awa sau ɗaya a mako, a rana tsayayya, ƙofa a rufe, waya a kife, awa 6 ne kacal cikin 480. A wannan zama tambaya uku sun isa: me ka yi a makon nan, ina ka maƙale, me za ka yi mako mai zuwa? Kada a tambaye shi "ka gane?", domin amsar kullum "na gane" ce. A ce masa ya maimaita bayanin da bakinsa, ko ya yi aikin ana kallo. Matambayi ba ya ɓata, gaskiya ne, amma matashin da ya ga kowa ya duƙufa a kan aikinsa ba zai yi tambaya ba sai an ware masa lokacinta. In ba a ware ba zai yi kwana uku yana fama da abin da kalma biyu za su warware, ko ya yi ta aiki a kan kuskure har ya yi nisa.

Gyara ma yana da ƙa'ida. A yi shi a keɓe, a ranar da abin ya faru, a kan aikin da ke gabansu: wannan jimla ba ta daidaita ba saboda ka tsallake wannan layi. Wanda aka tsawata wa a gaban jama'a a makonsa na biyu darasi ɗaya yake ɗauka, ya riƙa ɓoye kuskurensa, kuma ɓoyayyen kuskure shi ke yi wa kamfani ɓarna.

Sai aikin kansa. Mako na farko na kallo ne da bin mai kula duk inda ya sa ƙafa. Daga na biyu zuwa na huɗu a ba shi ƙananan ayyuka waɗanda an riga an san amsarsu, don a iya auna shi ba tare da asara ba. A ofishin akanta, ya daidaita takardar banki da littafin kuɗi na watan da aka riga aka rufe. A ɗakin gwaje-gwaje, ya saita na'urar auna tsami da ruwan gwaji mai lamba 4 da 7 da 10, ya auna samfurin da ƙwararre ya riga ya auna, a kwatanta. A wurin gini, ya ɗebi kankare a mazubin gwaji, ya rubuta kwanan wata a jiki, ya bi sawun samfurin har a matse shi a kwana 7 da kwana 28, ya ga yadda ƙarfinsa ke ƙaruwa. A sashen manhaja, ya gyara ƙaramin kuskure a kwafin gwaji, wani ya duba kafin a haɗa da na gaske. Kada a buɗe masa rumbun bayanan abokan ciniki na ainihi a wannan mataki.

Daga mako na biyar zuwa na goma a ba shi aiki ɗaya nasa na kansa, mai farko da ƙarshe. Zaɓen wannan aiki shi ne inda gwaninta take. Ya zama abin da kuke buƙata da gaske amma ba na gaggawa ba, irin wanda kowa ke cewa za a yi in an samu sarari: ƙidayar kayan sito da gano waɗanda suka daɗe ba a taɓa ba, tattara koke-koken abokan ciniki na shekara a rarraba su iri-iri, rubuta matakan wani aiki da mutum ɗaya kaɗai ya sani a ka. Aikin da ya yi girma, wanda ƙwararre ma sai ya yi wata shida, karya masa gwiwa zai yi. Wanda kuma aka ƙirƙiro don kawai a ba shi abin yi, zai gane cikin kwana biyu cewa ba mai jiran sakamakonsa. A raba aikin gida uku, kowane kashi da ranar da za a duba shi. Mako biyun ƙarshe na rubuta rahoto ne, da miƙa aikin ga wanda zai ci gaba da shi, da tsayawa gaban sashe na minti goma ya faɗi abin da ya gano.

Ba mu ce kada a aike shi ba. Kowa a ofis yana ɗaukar fayil, yana buga takarda. Ma'aunin shi ne, in aka ƙirga awannin mako aka tarar aike da kwafin takardu sun cinye fiye da yini ɗaya, to ba koyo yake yi ba. Aiken gidan wani kuwa, ɗauko yara ko kai saƙon da ba na ofis ba, wannan ba shi da gurbi ko kaɗan.

Littafin da ɗalibi ke rubuta aikinsa na kullum, wanda a wasu wurare ake kira logbuk, shi ne abin da muke ba da maki a kansa, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A bar shi har ranar ƙarshe, ɗalibi ya zauna dare ɗaya ya cike mako goma sha biyu da alƙalami iri ɗaya, mai kula ya bi shafi-shafi yana sa hannu ba tare da ya karanta layi ɗaya ba. Muna ganewa. Muna kuma gane inda abokai huɗu da aka tura wuri ɗaya suka kwafi na mutum guda har da kuskuren rubutunsa. Ku sa hannu mako-mako a wancan zama na rabin awa, ku rubuta layi biyu na gaskiya, kada ku sa hannu a kan aikin da bai yi ba. In rahotonsa zai ƙunshi alƙaluman kamfani, ku faɗa masa tun farko waɗanda za su iya fita da waɗanda za a sakaya, kada sai ya gama rubutu a ce ba za a fitar ba.

Tunda an ambaci abokai, tura su tare yana da amfani: suna raba haya, suna raka juna a hanya, iyaye ma hankalinsu ya fi kwanciya. Amma a wurin aiki ku raba su sassa daban-daban, ko aƙalla aiki daban-daban, in ba haka ba mai baki a cikinsu zai yi duk tambayoyin, mai himma ya yi duk aikin, sauran su fake a bayansu. Wanda kuma ya zo shi kaɗai, abokansa duk suna wasu garuruwa yana ganin hotunansu a waya, shi ne ke buƙatar a ce masa taso mu tafi idan lokacin hutun rana ya yi. Kaɗaici ba ya nunawa a fuska, sai dai ka ga fashi ya fara yawa.

Wayar nan ma a yi maganarta a ranar farko. Matashi ya samu aikinsa na farko, dole yana son nuna wa 'yan gida da abokai, kuma ba laifi ba ne. Laifin yana bayan hoton: fuskar kwamfuta mai sunayen abokan ciniki, allo mai tsarin da ba a sanar ba, fuskar majinyaci, katin shaida mai lambar da za a iya kwafa. Ku nuna masa wuri ɗaya da zai ɗauki hoto hankali kwance, ku faɗi inda aka hana da dalilin hanin. Haka kuma ku faɗa masa ƙarara ko an yarda ya liƙa takardun ofis a manhajojin intanet masu taya rubutu. In ba ku faɗa ba zai yi, da kyakkyawar niyya.

A kan lokaci, awa 8 a yini da 48 a mako su ne iyakar da yarjejeniyar farko ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta shata wa masana'antu tun 1919. Ɗan koyo bai kamata ya kusanci awa 48 ɗin nan ba, balle ya wuce. Matsalar ita ce ba zai tashi ba muddin babba na zaune, don haka mai kula ne zai ce masa tashi ka tafi. Kada a riƙe shi har motocin haya su ɗauke ƙafa, in kuma dole ta sa, kamfani ya mayar da shi masauki. Ku tuna har yanzu ɗalibi ne. Wata rana makaranta za ta kira shi rajista ko jarrabawar da ya rage, wata rana a bugo daga gida a ce an kwantar da mahaifiya. A rubuta tun farko kwana nawa zai iya ɗauka da wanda zai sanar, don kada ya tsaya zaɓi tsakanin gida da maki, ko ya ƙirƙiro ciwon ƙarya.

Alawus kuwa, ko nawa ne, a biya shi a kan lokaci. Tara shi har ƙarshen zama bai amfani kowa ba, domin kuɗin mota da haya kullum ake kashe su. Watan farko shi ya fi tsanani, ga kafin alƙalami, ga tufafin aiki, ga kuɗin hanya. In za ku iya ba da rabin na watan farko a makon farko, kun cire masa ƙaya. Abin da kan jawo jinkiri ba mugunta ba ce, rashin shigar da sunansa ne a sashen albashi kafin a rufe lissafin wata, don haka a karɓi bayanan asusunsa na banki tare da yarjejeniya. In babu alawus sam, a faɗa a rubuce tun kafin ya yanki tikiti.

Akwai maganar da ba a son yi, amma dole. Ɗan koyo shi ne mafi rauni a ma'aikata: makinsa da takardar shaidarsa suna hannun mutum ɗaya, ba shi da ƙungiya, kuma ya san nan da 'yan makonni zai tafi, don haka yakan zaɓi ya haɗiye. Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 2019 kan cin zarafi da tsangwama a wurin aiki, ta ambaci 'yan koyo da sunansu, kuma ba ta tsaya a cikin ofis ba, ta haɗa da tafiye-tafiyen aiki, da tarukan shaƙatawa na ma'aikata, da saƙonnin waya masu alaƙa da aiki, da hanyar zuwa da komawa. Ku ba kowane ɗalibi sunan mutum na biyu da zai kai wa kuka, wanda ba mai kula da shi ba ne kuma ba ya ƙarƙashinsa, ga ɗalibai mata a samu mace. Mu ma za mu ba su lambar malami a makaranta. Tafiyar aiki mai kwana sai da sanin makaranta, da ɗaki nasa shi kaɗai. In ƙorafi ya zo, a ɗauke makin daga hannun wanda ake ƙara nan take, kafin ma a fara bincike.

Idan wa'adi ya zo, a zauna da shi zama na ƙarshe, a faɗa masa abu biyu da ya ƙware da abu ɗaya da zai gyara, shi ma a tambaye shi me ya kamata a sauya wa na baɗi. A karɓi katin shaida, a rufe asusun kwamfuta a ranar. Takardar shaida a ba shi a hannu kafin ya fita, domin bayan wata shida mai kula ya sauya sashe ko ya manta. "Yaro ne mai ladabi da biyayya" ba ta buɗe ƙofar kowa. A rubuta ranakun zamansa, da aikin da ya yi, da na'ura ko manhajar da ya yi amfani da ita, da abin da aikin nasa ya haifar. Kada kuma a ce masa "ka dawo in ka gama, akwai gurbinka" alhali babu. Zai kai maganar gida, iyaye su ɗora buri a kanta, shi kuma ya daina neman wani wuri.

In a bana ba ku da mutanen da za su riƙe ɗalibai goma, ku rubuto mana kafin zango ya ƙare ku ce biyu za ku iya, da sunayen masu kula da su. Za mu nema wa sauran takwas ɗin wani wuri tun da sauran lokaci.

Mun gode, a huta lafiya.

Naku,
Wasu malaman manyan makarantu da ma'aikata masu kula da ɗalibai 'yan koyon aiki